Ɓawon ƙarfe a maƙerar Moriki

Da zarar bazara ta kama a Moriki, maƙera ba ta ƙara hutawa sai ruwa ya sauka. Wannan ya kawo hauya a yi mata baki, wancan ya ba da sautun garma. Muna yara aikinmu biyu ne, jan zugazugi da fid da ɓawo.

Duk ƙarfen da ya yi ja a gawayin ƙirya, yana shan iska sai ya yi wani baƙin ɓawo siriri kamar na albasa. Kawuna yakan ɗauko ƙarfen da awartaki ya buga a gefen uwar maƙera, ɓawon ya zube. Wani lokaci ya tsoma masaba a ruwa kafin ya doka, sai ka ji tas, tururi ya ɓamɓare sauran. "Ku share uwar ga," yakan ce mana, "in ɓawo ya shige ƙarhe ba shi hita." Gaskiya ya faɗa, domin ɓawon da aka doke cikin jan ƙarfe rami yake bari, nan kuma tsatsa ke fara ci.

In ƙarfe ya huce sai mu zauna da dutse da yashi da ruwa, mu yi ta guga har yatsu su yi zafi. Ba a yarda mu taɓa magagari kafin nan ba, don ɓawon ya fi ƙarfen tauri, nan da nan yake cinye haƙoransa. Maƙeran fari su da ruwan tsamiya suke wanke nasu.

Ban riski zamanin narka tama ba. Tun da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda a 1929 tsohon ƙarfe ya wadata, daga baya sifirin mota ya zama abin nema. Ranar Alhamis a kai kaya kasuwar Shinkafi, manomi ya shafa hauya da babban yatsa kafin ya yi ciniki.

Yau injin guga yana gama aikin wuninmu kafin ka sha ruwa, kuma ban ƙi shi ba. Abin da ke damuna, ƙyallinsa na rufe aikin da ba a tsabtace tun a wuta ba. Ga shi shiga daji neman ƙirya ya zama kasada saboda 'yan bindiga. Maƙeran da suka rage a Moriki da Zurmi, don Allah ku koya wa yaranku share uwar maƙera kafin ku miƙa musu inji.