Daga Argungu Zuwa Birnin Kebbi: Ikkilisiya Mai Bishop

Matafiyin da ya baro Sakkwato ya nufi yamma yakan biyo ta Argungu, garin Sarkin Kabi. Nan ne ake bikin kamun kifi a Matan Fada tun 1934, masunta su faɗa ruwa da homa da gora. Daga nan hanya ta bi gefen fadamar shinkafa ta gulbin Rima har Birnin Kebbi, mazaunin Sarkin Gwandu, wanda ya zama babban birnin Jihar Kebbi a 1991.

Musulmi ne suka fi yawa a wannan ƙasa, amma ran Lahadi za ka ji waƙoƙin yabo daga majami'u dabam dabam. Waɗansu dattawa ne ke bi da su, kamar ECWA. Waɗansu kuwa suna ƙarƙashin bishop, kamar Angilikan da Katolika. To, mene ne bishop?

Asalin kalmar daga Helenanci ne, "episkopos", wato mai kula. Manzo Bulus ya lissafta halayen mai wannan aiki cikin 1 Timoti sura 3 da Titus sura 1. Yankin da bishop ke kula da shi ana ce da shi dayosis. Shi ke ɗora wa firistoci da dikinoni hannu, shi ke tabbatar da waɗanda aka yi wa baftisma. Shi ma bishop-bishop ne ke keɓe shi, bisa ga al'ada aƙalla uku, domin kada igiyar ta tsinke daga zamani zuwa zamani.

Saboda wannan igiya Samuel Seabury ya ƙetare teku daga Amurka, aka keɓe shi a Aberdeen ta Sikotilan a 1784. 'Yan ikkilisiyarsa ne ake kira Efiskofal, ma'ana masu bishop. A wajenmu kuwa, an keɓe Samuel Ajayi Crowther a Kantabori a 1864, shi ne baƙar fata na farko da ya zama bishop na Angilikan. Ikkilisiyar Angilikan ta Nijeriya ta tsaya da ƙafafunta a 1979. An kafa dayosis na Sakkwato a 1990, daga baya Kebbi ta sami nata, tana cikin lardin Kaduna.

Mutumin Kabi ba zai sha wuyar gane wannan tsari ba, gama ya saba da sarki da hakimai da dagatai. Amma a lura, bishop ba sarki ba ne. Yana mulki tare da majalisar dayosis, inda firistoci da sauran masu bi, maza da mata, ke da murya. Sandar da ke hannunsa ma ta makiyayi ce. Amfaninta yakan bayyana a ƙauye mai nisa, inda masu bi kaɗan ne. Ranar da bishop ya zo tabbatar da 'ya'yansu, sai su san ba a manta da su ba.

'Yan'uwa, akwai gidajen da maigida ɗan ECWA ne, uwargida kuwa ta tashi a Angilikan. Kada wannan ya zama abin gardama a gaban yara. Ku bayyana musu yadda kowace ikkilisiya ke zaɓen shugabanninta, ku kuma riƙa yi wa shugabannin addu'a, ko bishop ne ko dattijo, gama dukansu za su ba da lissafin garken a gaban Babban Makiyayi.