Yarinyar da Ke Ƙirga Auduga

In na zauna bayan la'asar nakan yi ta mamakin yarinyar nan da na taɓa zama, 'yar siririya mai farar hula da aka kafe da sitaci, wadda a gida ko sunan yayan babanta ba ta iya kamawa, in babba na magana idonta na ƙasa, amma aka ɗauko ta aka tsayar a ɗakin tiyata aka ce aikinta shi ne ta ɗaga murya. Ni ce kuwa.

Wari ne ke fara dawo mini. Warin Izal da dirisa ke wanke daɓe da shi tun kafin assalatu, da zaƙi-zaƙin maganin sa barci mai kama tufafi, wanda ya sa Inna takan ce in bar rigata a igiya kafin in shiga ɗakinta. Sai ƙara ta biyo baya: hucin tukunyar dafa kayan aiki a lungu, da ƙwaram-ƙwaram ɗin hantsaki da almakashi in an zube su a farin langa mai baƙin baki, da tarin injin wuta in ya kusa ɗaukewa, kowa ya saci kallon fitilar ƙwai da ke rataye a ƙusa.

Audugarmu ba irin ta kaɗi ba ce. Ƙyalle ne mai shara-shara da muke yankawa mu ninke da hannunmu in aiki ya lafa, muna hira ƙasa-ƙasa, mu ɗaure biyar-biyar mu jera a gangar ƙarfe a kai dahuwa. Manyan kuwa muna ɗinka musu 'yar igiya a kusurwa, don in an cusa su a cikin mutum a maƙale hantsaki a igiyar ya riƙa lilo a waje. Sau uku ake ƙirga: kafin a sa wuƙa, kafin a rufe ciki, da lokacin ɗinke fata. Mutum biyu ne, da ƙarfi, ɗaya na faɗa ɗaya na amsawa, ni kuma in rubuta a allo da guntun alli. Waɗanda suka sha jini a warware su ɗaya bayan ɗaya a rataye a ƙugiyoyi kamar shanya, don biyu kan manne su zama ɗaya.

Sista babba, mai makullai a ƙugu da agogo a ƙirji, ta taɓa gani na ina duban ƙugiyoyin ina gyaɗa kai. Ta ce, "'Yar nan, ido ba mudu ba ne. A kasuwa ya san kima, a nan bai san komai ba. Buɗe baki ki ƙirga."

Ban gane nauyin maganarta ba sai da aka kawo wata matashiya daga ƙauye a bayan akori-kura. An yi mata aikin haihuwa a wani asibiti watanni kafin nan, tun daga lokacin zazzaɓi bai sake ta ba, ciki ya kumbura, abinci ba ya zama, jaririn ma sai kakarsa ke ba shi madarar shanu. An ce jifa ne, an sha rubutu, an yi turare, an sayar da tunkiya. Da likita ya buɗe, sai ga ƙullutu a jikin hanji, nama ya naɗe shi ruf, ruwa na tsatsowa, da wani ɗoyi da ko takunkumi bai tare ba. Ya sa hantsaki ya jawo. Auduga ce.

Haka take yi. In ta sha jini sai ta ɗauki launin nama ta sulale bayan hanji, idon da ya gaji ba zai raba su ba. Wani jikin ya tara mugunya cikin 'yan kwanaki, wani ya lulluɓe ta ya yi shiru shekara da shekaru har a zaci ƙari ne, wani lokaci kuma ta ci bangon hanji ta shige ta toshe shi. Matar ta tashi. Ina tuna uwarta a gindin darbejiya da ƙwaryar fura a cinya, tana ce mini, "'Yata, haka Allah ya rubuta." Na ce haka ne, Inna. Sista da ta ji ta ja ni gefe ta ce ƙaddara gaskiya ce, amma ƙirga an ba mu shi amana.

Wani dare aka shigo da mai naƙuda mahaifa ta fashe, jini ko'ina, kowa na sauri, likita ya miƙa hannu a ba shi zaren rufewa. Allona ya ce ashirin, ƙugiyoyi suka ce sha tara. Har yau ban san inda yarinyar nan ta samo muryar ba. "Ranka ya daɗe, ba su cika ba." Ɗakin ya yi tsit, sai hucin tukunya. Ya dube ni ta saman tabarau, ya mayar da hannu cikin, ya lalubo can ƙasa, ya ɗago ta ja wur. Bai ce mini komai ba, ni ma ban so ya ce ba.

Sai da furfura ta fara fito mini na karanta binciken da Dakta Atul Gawande da abokan aikinsa suka fitar a Amurka a 2003, kan majiyyata 54 da aka bar wa kaya a jiki. Kusan kashi biyu cikin uku auduga ce, kuma abin ya fi aukuwa a aikin gaggawa, ko in tsarin aiki ya canja ana tsakiyar yi, ko ga mai ƙiba. Abin da ya sanyaya mini gwiwa shi ne, a mafi yawansu an ƙirga an ce sun cika. Ashe bakin da ya gaji ma yana faɗin abin da yake so ya ji. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin abubuwa 19 da za a tabbatar a kowace tiyata, ciki har da ƙirga auduga da allura da kayan ƙarfe kafin a fitar da majiyyaci. Audugar kamfani tana da zaren da ke fitowa a hoto, tamu ta ninkin hannu ba ta da shi, shi ya sa muryarmu kaɗai ce madogara.

'Ya'yana masu farin kaya, in lissafi bai cika ba ku faɗa, kome girman mai riƙe da wuƙa. Wanda kuma aka yi wa aiki ya ga ciwo ko zazzaɓi ko kumburi ya ƙi tafiya, ya koma asibiti ya nemi a yi masa hoto, kada ya tsaya jin nauyin kowa.