Yammacin Hunturu a Lambun Tivoli

Ƙarfe huɗu na yamma ba ta cika ba duhu ya rufe birnin Kofenhagen. A watan Disamba rana ba ta fitowa a ƙasar Danmak sai wajen takwas da rabi na safe, kuma kafin mutum ya gama shan iska bayan la'asar magariba ta yi. Kwana biyar na yi a gidan ƙanwata ina fama da wannan lissafi, ina lulluɓe kusa da na'urar ɗumama ɗaki, har ranar da ɗiyarta mai shekara tara ta tsaya a kaina ta ce, “Kawu, idan ka koma gida me za ka ce ka gani? Bango?” Na rasa amsa. Uwarta ta yi dariya ta ce, “Yaya, tashi ka sa takalmi, yau sai Tivoli.”

Lambun yana tsakiyar gari, tsakanin babbar tashar jirgin ƙasa da dandalin majalisar birni. Wani mai suna Georg Carstensen ne ya buɗe shi a watan Agusta na 1843, da izinin Sarki Christian na Takwas. Ana ba da labarin cewa hujjar da ya kai wa sarki ita ce, jama'ar da ta shagala da wasa ba ta tuna siyasa. Idan haka aka yi, dabarar ba ta ci ba, domin shekara shida bayan nan, a 1849, mutanen Danmak suka sami kundin tsarin mulkin da ya kawo ƙarshen sarauta mai cikakken iko. Lambun kuwa yana nan. Ko a 1944, lokacin da 'yan barandan Nazi suka cinna wa wasu gine-ginensa wuta, ba a daɗe ba aka sake buɗe ƙofa.

Asali wurin shaƙatawar bazara ne, ana rufe shi idan sanyi ya shigo. A 1994 aka fara buɗe shi don bikin Kirsimeti, daga tsakiyar Nuwamba har ƙarshen shekara. Muna shiga na gane dalili. Mutanen da rana ta guje wa sun kunna tasu da hannunsu: an naɗe kowane reshe da ƙananan fitilu, hasken ya sauka a kan tafkin da ke tsakiyar lambun har ruwan ya koma kamar an zuba masa garwashi. Ga ginin Nimb, fari fat, da ƙubba da dogayen hasumiyoyi irin na ƙasashen Larabawa, wanda baƙo zai rantse masallaci ne, alhali otal ne da gidajen abinci. Ga rumfunan katako a jere ana sayar da huluna da safar hannu na ulu da 'yan tsana masu jar hula da suke kira nisse, wato ƙananan halittun tatsuniyarsu da ake ajiye wa kunun shinkafa a daren biki don kada su yi ɓarna.

A wata rumfa na ga abin da ya tsayar da ni. Wata mata tana zuba ƙullu a kasko mai ramuka, tana juya shi da tsinke. Tanda ce sak, irin wadda ake toya waina da ita a ƙofar gidanmu. Abin da ke fitowa dunƙule yake kamar ƙwallo, ana barbaɗa masa garin sukari a haɗa da ɗanɗanon 'ya'yan itace. Na ce wa yarinyar, “Wannan ai masar kakarki ce aka sa wa sukari.” Ta ce ba ta taɓa cin masar kakarta ba. Na ji maganar har cikin ƙashi, fiye da sanyin. Shekara tara, kuma ba ta taɓa taka garin da aka haifi uwarta ba.

Wanda zai je sai ya riƙa tambaya kafin ya kai abu baki. Abin sha mai zafi da kowa ke riƙe da shi, gløgg, da giya ake dafa shi, ko da yake akwai wanda ba a sa masa ba. Naman da ake cusawa a burodi galibi na alade ne. Mu dai koko mai zafi muka sha. Sannan kuɗin shiga daban, kuɗin hawa lilo daban, kuma duk wanda ya tsaya juya farashi zuwa naira ba zai sayi ko ruwa ba.

Daga nan ta ja ni zuwa ga abin da nake gudu. Akwai wani lilo mai tsawon mita 80 da ke juya mutane a sararin sama. Wannan na ƙi shi ƙememe. Muka daidaita a kan Rutschebanen, wani ɗan jirgi da ke hawa da gangara a kan titin katako, yana kutsawa cikin dutsen da aka ƙera. Tun 1914 yake aiki. Abin da ya ba ni mamaki shi ne har yau mutum ne ke zaune a tsakiyar jirgin riƙe da burki, shi ke rage gudu a kowace gangara da kwana. Na kafa masa ido kamar yadda fasinja ke kallon direba a hanyar dare. Da muka sulmiyo gangarar farko iska ta yanke mini fuska, na yi salati da ƙarfi, yarinyar ta riƙe hannuna tana ƙyaƙyata dariya tana cewa, “Kawu, buɗe ido!” Na buɗe. Na ga rufin gidaje da hasumiyar majalisar birni da dubban fitilu a ƙasanmu.

Da muka sauko na tsaya ina duban katakon. Ya haura shekara ɗari yana ɗaukar 'ya'yan mutane, saboda akwai masu duba shi, su ɗaure abin da ya kwance, su musanya abin da ya ruɓe. Na tuna wani wurin wasan yara a garinmu da aka buɗe da kiɗa da jawabai ina saurayi. Yau awaki ke kwana a ƙarƙashin lilonsa da tsatsa ta cinye. Kuɗin da aka kashe wajen gina shi sun isa. Abin da ba a tanada ba shi ne albashin mai zuba mai da ɗaure ƙusa bayan manyan baƙi sun watse.

A hanyar fita yarinyar ta tambaye ni, mu a can me muke da shi? Na ba ta labarin hawan sallah: dawakai da lifidi, algaita da tambura, bindigogi suna tashi, yara a kafaɗun iyayensu. Ta yi shiru, sannan ta juya ga uwarta ta ce, “Umma, yaushe ne sallar?” Ƙanwata ta dube ni, ta ce za a duba hutun makaranta. Na riƙe ta da wannan magana, kuma na rubuta ta a nan don ta san akwai shaidu.