Ziyara Zuwa Jos, Garin Masu Biyayya Ga Mighty Jets

Duk wanda ya taso daga Akwanga ya doshi Jos, da ya gama Hawan Kibo zai ji iska ta sake. Sanyi zai fara ratsa riga, duwatsu su bayyana birjik, ga tsofaffin ramukan kuza nan cike da ruwa. Ni dai ba kallon duwatsu ya kai ni ba. Na tafi ne in ga mutanen da suka riƙe ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta Mighty Jets shekara da shekaru, ko da yake ba ta da gwamnatin da ke ɗauke mata nauyi.

Ga wanda bai sani ba, Alhaji Isiyaku Ibrahim ne ya kafa ƙungiyar a 1970. Da aka buɗe gasar lig ta ƙasa a 1972, ita ce ta fara cinye ta. A shekarar nan kuma ta kai wasan ƙarshe na Kofin Challenge a Legas, inda Bendel Insurance ta sha gabanta da ci biyu. Ana dab da tashi Sam Garba Okoye ya rama duka biyun. Aka sake karawa a Ibadan, Bendel ta ci uku, Jets biyu. A 1974 ta sake kaiwa ƙarshe, Rangers ta Inugu ta ɗauke kofin. Wannan kofi bai zo Jos ba sai a 1999, kuma Plateau United ce ta kawo shi.

Da hantsi na zaga Gangare da Dilimi. A teburin wani mai shayi na tarar da wani dattijo, da jin abin da ke tafe da ni sai ya gyara zama. Ya lissafa mini 'yan wasan da, yana ambaton Sam Garba, wanda ya rasu a haɗarin mota a 1978, da Isma'ila Mabo, wanda ya jagoranci 'yan matan Nijeriya har zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar duniya ta 1999, ya kuwa riga mu gidan gaskiya a 2023. Yana faɗi yana share ido, kamar mai zancen 'yan uwansa na jini.

To, ina matsalar take? Kuɗi. Galibin manyan ƙungiyoyinmu, irin su Enyimba da Kano Pillars da Plateau United, gwamnatocin jihohi ke ba su abin kashewa. Ƙungiyar da ta dogara da aljihun mutum ɗaya ko gudummawar masoya kuwa, sai ta sha wahalar renon yaro, da ya fara tashe mai kuɗi ya zo ya ɗauke. Ga kuɗin mota, ga masauki, ga albashi. Haka Jets ta shafe shekaru masu yawa a ƙasan rukunin manya, har Plateau United ta ci lig a 2017 tana kallo.

Na tambayi dattijon me ya hana shi komawa bayan masu nasara. Ya dube ni da mamaki, ya nuna mini cewa mutum ba ya sake uwa don ta tsufa. Da yamma na leƙa filin wasa na Rwang Pam, na zauna a kan dakalin kallo, ina tunanin maganarsa. Garin da ya reni Mikel Obi, aka kuma haifi Ahmed Musa a cikinsa, ba ƙwallo ya rasa ba. Kuma a garin da ya ɗanɗani rikici tun 2001, filin ƙwallo na cikin wuraren da Musulmi da Kirista ke zama kafaɗa da kafaɗa.

Saboda haka muna kira ga attajiran Jos da kamfanoni su waiwayi wannan ƙungiya, masoya kuma su riƙa biyan kuɗin ƙofa. Idan irin su Jets suka mutu, ƙwallonmu zai zama na gwamnoni kaɗai, ranar da gwamna ya juya baya kuwa shi ke nan. Allah Ya jiƙan mazan jiya, Ya ƙara wa Jos zaman lafiya, amin.