Tsohuwar Fijo da Injin Silinda Shida a PZ

Mai shigowa Zariya daga Katsina ta hanyar Funtua, Samaru ce ke fara tarbarsa. Ya wuce ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello da Kwangila, sannan ya iso PZ, unguwar da ta gaji sunan kamfanin Paterson Zochonis. Bakin titi duk bankuna ne da shagunan waya. Abin kallon yana ta baya, wajen Sabon Gari, inda ƙasar garejoji ta yi baƙi ƙirin da baƙin mai.

A can na tarar da wata Fijo 504 an ɗaga ta, an zare mata inji. Irin waɗanda aka riƙa haɗawa ne a kamfanin PAN na Kaduna tun daga 1975, masu silinda huɗu da lita 2, ƙarfinsu bai kai doki 100 ba. A gefenta, rataye da sarƙa, ga injin 505 mai silinda shida, lita 2.8, doki 170, ɗan Beljiyam da aka sayo a Kofar Ruwa ta Kano. Mai motar ya gaje ta ne daga mahaifinsa, ya ce ba zai sayar ba, amma ya gaji da ganin 'yan Golf suna barin sa da ƙura.

Na ce wa dattijon bakaniken, "Baba, wannan ba zai fi ƙarfinta ba?"

Ya ce, "Malam, dasa inji ai ko yarana za su iya. Aikin shi ne ka sa sauran motar ta yarda da shi."

Sai ya zagaya da ni. Mai walda ya ƙera sababbin kujerun inji, domin na asali ba su hau ba. Giyabos ɗin 505 aka ɗauko, shi kuma ya sa dole a sake auna farfela. Lagireto an sa babba da fanka biyu, saboda zafin watan Afrilu ba ya raga wa kowa. Rewaya na zaune a kan tabarma yana bin wayoyi ɗaya bayan ɗaya, tunda wannan injin ba ya amfani da kafireto. Sai birki, wanda a kansa Baba ya fi daɗewa yana bayani. Gaba ya ƙara nauyi, gudu zai ƙaru, don haka ya sauya birkin gaba da shokozoba, ya ce ba zai miƙa makulli ba sai ya taka da ƙafarsa ya ji ta tsaya cak. Wannan ne ya fi burge ni. Na sha ganin masu dasa inji da ba ruwansu da yadda mota za ta tsaya.

Dabarar ba baƙuwa ba ce ga 504. Kamfanin Peugeot da kansa ya sa wa mai ƙofa biyu injin silinda shida a 1974, kuma da irinta Jean-Pierre Nicolas ya ci tseren Safari na Kenya a 1978. A Amurka ma haka Carroll Shelby ya yi a 1962: ya ɗauki 'yar ƙaramar AC Ace ta Ingila ya cusa mata injin Ford mai silinda takwas, aka sami Cobra. Sai dai su da injiniyoyi da filin gwaji suka yi. Nan kuwa sarƙa ce da ƙarafuna uku, sai kunnen Baba, wanda ke ɗora sukundireba a jikin inji ya saurara.

Da na koma kafin in bar garin, har ta tashi. Muka bi titin Sakkwato, muka wuce Samaru zuwa Shika, allurar zafi ba ta haura tsakiya ba. Man fetur kam tana zuƙarsa ba wasa, mai ita ya sani, ya kuma ce ya ji ya gani. Baba dai ya gindaya masa sharaɗi: ba Kano, ba Kaduna, sai ya dawo da ita bayan mako guda an sake ɗaure notuna.