Rakiyar Baffa Zuwa Zariya

Da sanyin safiya motarmu ta tashi daga Unguwa Uku a Kano. Muka wuce Kura da gonakinta na shinkafa, muka bar Kwanar Ɗangora a baya, sai Tashar Yari, inda Baffa yake jirana a bakin titi, ya rufe baki da gefen rawani. Tarin fuka ne ya dawo masa. A bara an ba shi magani a wani ɗakin shan magani kusa da ƙauyensu, amma bai kai ƙarshe ba.

A hanya na tambaye shi dalili. Ya ce, "Ɗana, fitsarina ne ya koma ja, na ɗauka jini ne. Kuma tarin ya lafa, na ce to me ya rage?" Babu wanda ya zauna ya yi masa bayani. An miƙo masa ƙwayoyi ta taga, an ce na gaba ya matso.

Muka sauka a Kwangila, muka hau Keke Napep zuwa asibiti. Zariya ta daɗe da sanin wannan ciwo, domin a Saye, wajen gari, akwai cibiyar ƙasa da ke horar da ma'aikatan tarin fuka da kuturta. Aka karɓi kakin Baffa aka sa a na'urar GeneXpert, wadda ke gano ƙwayar cutar, ta kuma nuna ko ta daina jin maganin rifamfisin. Allah ya taimaka, tana ji.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaman da wata ma'aikaciyar jinya ta yi da shi. Ba ta fara da faɗa ba. Ta ja kujera ta ce, "Baba, ku gaya mini abin da ya sa kuka daina." Sai da ya gama ta ɗauko katin magani.

Ta ce maganin na wata 6 ne: wata 2 na farko magunguna 4 a haɗe, sauran wata 4 kuma guda 2, kullum da safe kafin a karya. Jan fitsarin aikin rifamfisin ne, ba jini ba, har zufa da hawaye yakan rina. Idan ƙafa ta fara zugi ko ta mutu, akwai ƙwayar bitamin da ake ƙarawa. Amma idan idanu suka yi rawaya ko amai ya ƙi tsayawa, a dawo nan take, domin hanta ce ke kuka. Game da lafawar tari kuwa, ta ce kamar ciyawa ce a gona: ka sare kai ka bar saiwa, damina na zuwa za ta tsiro, kuma wadda ta tsiro ta fi taurin kai. Manomi ne, nan da nan ya gyaɗa kai.

"'Yata, to idan azumi ya zo fa?"

"Ku zo mu tsara lokacin tare, Baba. Kada dai ku yanke shawara ku kaɗai."

Ta tambayi wanda zai riƙa ganin ya haɗiye kullum yana sa alama a kati. Baffa ya ambaci babban jikansa mai karatun sakandare. Ta rubuta ranar da zai dawo a sake gwada kaki bayan wata 2, ta kuma ce a kawo duk mai tari a gidan.

A motar komawa na yi ta lissafi. Ƙwayoyin da ke aljihun Baffa irin na bara ne, kuma kyauta aka ba shi a duka karon biyu. Abin da ya ƙaru shi ne yanzu ya san abin da zai gani a jikinsa, da abin da zai yi idan ya gani. Masu hawan jini da ciwon suga, waɗanda nasu shan maganin ba shi da ranar ƙarewa, sun fi kowa bukatar irin wannan zama, kuma da yawansu ta taga ake sallamarsu.