Farantin Kacar Tsohon Kekena

Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, da yawa daga cikinmu a nan Sabo ta Ibadan mun koma wa keke, kuma akasarin abin da ake samu gwanjo ne, irin masu giya da aka ƙera don hawan duwatsu. Nawa ma irinsu ne, na ƙarfe, ƙirar farkon shekarun 1990, da kayan Shimano a jikinsa. Da shi nake zuwa aiki, da shi nake kai takardun taro.

Kwanakin baya kacarsa ta fara zillewa. A shimfiɗaɗɗiyar hanya lafiya ƙalau, amma da na miƙe kan feda a hawan Mokola sai ƙafa ta tafi a banza. Wanda ya san yadda 'yan Micra ke bin mutum a baya ya san wannan ba abin wasa ba ne.

Mai gyara ya ce a cire ƙafar feda da farantanta gaba ɗaya a sa sabuwa mai araha. Na ƙi. Masu arahar nan a manne farantansu suke, in ɗaya ya ci sai a yar da duka. Nawa kuwa faranti uku ne masu haƙora 46 da 36 da 26, da noti aka ɗaure su, ana iya sauya kowanne shi kaɗai. Na tsakiya ne ya mutu, don shi aka fi takawa. Haƙoransa sun yi tsini sun lanƙwashe kamar farcen shaho, in ka ja kacar daga gaba sai ta ɗago har ka hango haske a ƙarƙashinta.

Wahalar tana wurin samun wanda zai shiga. Yawan haƙora kaɗai bai isa ba, sai ramukan noti sun dace. Tsofaffi irin nawa ramuka biyar ne, faɗin da'irarsu milimita 110 a manyan biyu, 74 a ƙaramin. Daga baya aka yi masu 94, sannan masu rami huɗu na 104, waɗanda suka cika kasuwa yanzu. A ido 110 da 94 kamar ɗaya suke. Shi ya sa na kwance tsohon na riƙa yawo da shi a jaka ina ɗora shi kan duk wanda aka miƙo mini. Wani ya kawo mini Biopace, mai siffar ƙwai da Shimano ta yi yayinsa a shekarun 1980. Ramukansa sun dace, amma ba na son in haɗa shi da zagayayyu. Sai a mako na uku na samu mai kyau a jikin wani keke da ƙirjinsa ya karye.

Kacar ma sai da ta tafi, domin tsohuwar kaca ita ke cinye faranti. Gaɓa 12 cikakku na sabuwa inci 12 ne cif. Tawa ta zarce da fiye da kashi ɗaya cikin takwas na inci. Sabuwar kuma ta ƙi zama kan tsofaffin haƙoran baya, su ma aka sauya. Kuɗin ya ɗara abin da mai gyara ya faɗa tun farko, ya kuwa tuna mini har sau biyu.

Babban faranti da ƙaramin ban taɓa su ba, na dai wanke su da kananzir na shafa wa notin giris. Duk mai irin wannan keke da ke son a auna masa kaca, ya same ni bayan taron Lahadi, zan zo da tef.